IDON ARO

Shafi na 19

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya, ga shi nan, ku sarara mini haka. Ke kuma da kika rubuto cewa Verneta ta cika tsiwa, wai ba a yi wa uba haka, karanta wannan tukuna, sai ki dawo mu yi ta.

*

"Baba! Akwai mutum a baya!"

Verneta ba ta san sa'adda ta tsallake akwatin ƙanƙara ba. Ta faɗa kan sitiyari, ta bangaje hannun mahaifinta, ta murɗe makullan nan biyu lokaci guda. Injinan suka yi tari suka mutu.

Wurin ya yi tsit.

Sai ihun wata mata daga gaban jirgin ruwan.

"Gordon! Gordon!"

A bayan jirgin, dab da farfela, kan wani dattijon Bature ya ɓullo ya sake nutsewa. Gilashin ninƙayarsa ya karkace ya koma kunne, bututun numfashinsa ya cika da ruwa. Shi ne na ƙarshe cikin baƙin da suka sauka kallon kifi a kan dutsen murjani. Ya kama tsani zai hau ke nan mahaifinta, Kyaftin Cleophas, ya sa giyar baya.

Verneta ta faɗa ruwa da kayan jikinta. Ta cafko shi ta hammata, wani saurayi cikin baƙin ya miƙo hannu, suka jawo shi ciki kamar buhun shinkafa. Ya baje a ƙasan jirgi yana tari, ruwan gishiri na fita ta baki ta hanci.

"Kashe shi za ku yi?" Doreen, matarsa, ta durƙusa a kansa. "Kashe mini miji za ku yi?"

"Lafiyata ƙalau," in ji Gordon, yana ɗaga hannu, tari na sarƙe shi. "Teku na ɗan kurɓa. Ku ji shawarata, ba daɗi."

Wasu suka yi dariyar dole.

Kyaftin Cleophas ya gyara zaman baƙin tabaraunsa, ya saki murmushin nan da ya shekara talatin yana tarbar baƙi da shi.

"Ku gafarce ni, jama'a. Giya ce ta zame. Tsohuwar nan wata rana sai ta tashi da gardama."

Ya ɗan daddaki sitiyarin kamar mai lallashin akuya.

Verneta ba ta yi dariya ba. Giya ba ta zame ba. Da idonta ta gani. Ya juya, ya fuskanci bayan jirgi, ya kalli daidai inda mutumin ke riƙe da tsani, sannan ya ja sandar giyar hankalinsa kwance.

Ya kalle shi fa, jama'a. Ya kalle shi!

*

Tsibirin ƙadangaru jifa ɗaya ne daga wurin. Kyaftin ya lallaɓa da jirgin har cikinsa ya gogi yashi. Baƙi suka sauka, aka ba kowa inabi a tsinke, manyan ƙadangarun nan masu ƙaya a gadon baya suka fito daga cikin duwatsu suna jan ciki, ka ce ranar albashi ce. Nan da nan aka manta da farfela, aka koma ɗaukar hoto.

Verneta ta zaunar da Gordon a inuwa, ta kara kunne a bayansa ta saurara. Nas ce, a babban asibiti take aiki a Nassau, babban birnin ƙasar, hutu ne ya kawo ta gida, tsibiran Exuma. Abin da ta ji bai kwanta mata ba, amma bai kai na tashin hankali ba tukuna.

"Kada ki bar shi ya kwanta," ta ce wa Doreen. "In numfashinsa ya canza, ki kira ni."

Ta raba kwaɗon dodon koɗi a kofuna, ta shanya jiƙaƙƙiyar rigarta a kan dutse ta sa wata, ta koma jirgi. Ba ta bi ta tsani ba. Ta gefe ta hau, ba takalmi, ta tsaya a hagun mahaifinta ta yi shiru.

Ya ji jirgin ya motsa. Ya juya dama, wajen tsani.

"Neta? Miƙo mini ruwa in sha."

Ba ta tanka ba.

Ya miƙa hannu cikin iska, inda babu kowa, yana jira a sa masa gora.

Ta matso kusa da shi.

"Ina nan, Baba."

Ya juyo firgigit.

"Ke kuma sai ka ce kyanwa! Mutum ba zai yi motsi a ji shi ba?"

"Wace irin riga ce a jikina?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Amsa nake so."

"Ke, ni sa'anki ne? Rigar aiki mana, ruwan ɗorawa, wadda uwarki ta goge miki da safe."

"Tana can kan dutse tana shan iska. Baƙa ce a jikina."

Ta kai hannu ta zare masa tabarau, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

Idanun nan ne dai. Idanun da ake labari a duk matsayar jiragen Exuma, waɗanda ake cewa suna hango dutse a ƙarƙashin ruwa tun mai jirgin gaba bai gama hamma ba. Ga su a buɗe, amma gefen kunnenta suke kallo.

"Ya Yesu," ta ce a hankali. "Tun yaushe?"

"Ba ni tabarauna."

"Tun yaushe, Baba?"

"Rage murya, baƙi na ji."

"Su ji! Tun yaushe?"

Ya daɗe yana shafa sitiyari da babban yatsa.

"Ciwon suga ne. Na hagu ya tafi tun kafin guguwar bara waccan. Na dama da sauransa. Ina ganin haske, ina ganin inuwa. Kamar ta cikin ledar burodi."

"Bara waccan!"

Ta dafe kai da hannu biyu. Ta zauna a kan akwatin ƙanƙara.

"Bara waccan, Baba! Kullum kana kwasar 'ya'yan mutane, kana tsala gudu da su a tsakanin duwatsu, ba ka gani?"

"Ba wanda ya taɓa ko ƙwarzanewa."

"Yaya kake yi? Aljanu ke tuƙa maka?"

"Ednol."

Baffa Ednol. Aminin mahaifinta tun suna yara, mataimakinsa a jirgi. Kowa ya san yadda suke tafiya: kyaftin a sitiyari, Ednol tsaye a bayansa, hannu a kafaɗarsa. Har tsiya ake musu a matsaya, wai ga ango da amarya sun iso, a ba su hanya. Ita kanta ta sha yin dariyar.

"Ya matsa ta dama, in karkata dama," kyaftin ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ya matsa ta hagu, in yi hagu. Ya ja kwalar rigata, in rage wuta. Ya dake ni a baya, in buɗe mata wuta. Shi ido, ni hannu. Ba mu taɓa saɓawa ba."

Verneta ta ƙura masa ido. Wani abu ya faɗo mata a rai, ta so ta kore shi, ya ƙi tafiya.

Ita ta karɓi Baffa Ednol ranar da aka kawo shi Nassau a jirgin sama, makonnin baya. Ita ta wanke masa ciwon da hannunta. Yanka uku a cinya, a jere, tazararsu ɗaya, har ƙashi. Ya ce mata kwanon rufi ne ya zamo masa yana gyaran ɗakin kaji. Har faɗa ta yi masa, wai tsoho da shi me ya kai shi hawa rufi. Ya yi ta dariya yana cewa ta yi haƙuri, ya tuba.

"Ka ce ba wanda ya ƙwarzane."

Ya kawar da kai.

"Baba, kwanon rufi ba ya yanka a jere."

"Neta…"

"Farfela ce. Farfelar nan ce."

Kafaɗunsa suka sauka. Nan take ta ga tsufansa duka, wanda murmushi da tabarau suka daɗe suna rufewa.

"Igiya ce ta naɗe ta. Ya sauka ya kwance. Mun saba, in ya hau sai ya buga jikin jirgi sau biyu. Na ji an buga sau biyu, na tayar da inji." Ya sunkuyar da kai. "Ashe ruwa ne ya kaɗa tsani."

"Wayyo Allah na."

"Na ji ƙarar a hannuna, Neta. Ta sitiyari na ji ta. Har yau in na kwanta ina jin ta."

"Likita ya ce da wuya ƙafar nan ta sake ɗaukarsa."

"Na sani."

"Ya kalli tsabar idona ya yi mini ƙarya! Ina wanke masa jini yana ba ni labarin kaji!"

"Ban sa shi ba. Na rantse da Wanda ya yi ni, ban sa shi ba. Tun muna cikin jirgi, jini na zuba, yake cewa, Cleo, ɗakin kaji ne, ka ji ko? Ɗakin kaji."

Daga bakin yashi aka kwashe da shewa, wani ƙadangare ya fizge inabi har da tsinken. Verneta ta kalle su. Mata, maza, wata mai ciki da hular kaba, wasu sababbin aure. Kowa na dariya, ba wanda ya san makaho ne ya kawo shi tsakiyar teku.

"Kuma ka sake fitowa. Bayan wannan, ka sake ɗaukar mutane."

"Na zauna a gida. Na zauna har na fara jin warin kaina."

"Mama ta sani?"

Ya juya fuska wajen teku.

"Tambayarka nake, Mama ta sani?"

"Ita ta ce a tafi da ke."

Tirƙashi.

Mamarta da ta tashe ta da sassafe da shayin ganye da gasasshen burodi. Mamarta da ta ce, je ki taya babanki riƙon igiya da rabon abinci, kin ga Ednol ba ya nan. Har tana gyara mata kwala a bakin ƙofa, tana cewa ki tsaya kusa da shi, kin ji? Kusa da shi sosai.

Amma ba wannan ne ya fi ƙona mata rai ba.

Tun tana ƙarama take bin mahaifinta matsaya tana roƙo ya koya mata karatun ruwa. Amsarsa ɗaya ce: ruwa ba na mace ba ne, je ki taya uwarki. Wanta Lavardo ya ɗora a gaban jirgi yana nuna masa launi-launi, Lavardon da yanzu yake Florida yana tuƙa babbar mota, ko ƙamshin teku ba ya son ji. To yau da safe, suna fita, sai ga Baba na jefo mata tambaya. Neta, tsibirin nan mai bishiya ɗaya, ta wane gefe yake? Neta, ruwan gabanmu shuɗi ne ko kore? Tana ba shi amsa yana gyaɗa kai yana cewa madalla. Daɗi ya kashe ta. Har ta juya baya ta share ƙwalla kada baƙi su gani. Ta ce a ranta, yau dai, bayan shekara da shekaru, Baba ya ga ta isa.

"Na zaci koya mini kake yi," ta ce.

"Neta…"

"Na zaci gwada ni kake yi! Ina ta washe baki kamar sakarya, ashe sanda ce ni! Sandar makaho kuka mai da ni, kai da matarka, ko ku gaya wa sandar!"

"Ki iya bakinki, ni na haife ki."

"Ka haife ni, ka kusa sa ni in ga an daddatsa mutum a gabana!"

"Me kike so in yi?" Ya daki sitiyari, wannan karon ba lallashi. "In ce musu Cleophas Rolle ya makance? Su zaunar da ni a gindin bishiya, mai wucewa ya ce Allah sarki, ya sa mini lemo a hannu? Ni? Tun ban kai tsawon wannan sitiyarin ba nake kan ruwan nan. In aka sauke ni daga jirgi, a wuce da ni maƙabarta kawai, kada a tsaya a gida."

Hawaye na bin kumatunsa, daga idanun da ba sa ganinta. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ya kama ta, ta rasa wanda za ta bi.

Ta miƙe ta ciro oba-oba daga maƙalinsa.

Ya ji ƙarar wayar. Hannunsa ya lalubo ya damƙe wuyan hannunta, bai kuskure ba.

"Me za ki yi?"

"Jirgi zan kira ya zo ya kwashe mutanen nan."

"Duk jiragen Exuma tasha ɗaya suke saurare. Kika faɗa a nan, kafin mu isa gida an gama da ni."

"To da yaya ka shirya mai da su?"

"Da yamma ruwa zai ciko. Jirgin Tavares, mai ɗaukar baƙi kamar mu, zai wuto ta nan, in bi ƙararsa a baya har gida. Na tsara komai."

"Ka tsara komai. Har da cinyar Gordon ka tsara?"

"Don Allah, 'yar nan. Yau kaɗai. Mu sauke su lafiya, ni da kaina zan miƙa miki makulli. Kada ki tsiraita ni a bainar jama'a."

Bai taɓa roƙonta komai ba a duniya. Yatsanta na kan maɓalli, ta kasa dannawa, ta kasa saki.

"Nas! Nas! Ki zo!"

Doreen ce.

*

Verneta ta dira cikin ruwa ta sheƙa da gudu. Tun kafin ta ƙarasa ta ji numfashin, yana fita da ƙugi kamar ana zuƙar ragowar lemo da tsinke. Gordon ya dafa gwiwoyi, leɓɓansa sun yi toka-toka, wata kumfa mai ja-ja na taruwa a gefen bakinsa. Barkwancin ya ƙare.

Ta kara kunne a bayansa. Ruwan da ya shaƙa ya sauka huhu, huhun kuma ya fara cika. Ta san wannan. Ba abin da hannu zai yi masa a kan yashi, iskar asibiti yake bukata, kuma yanzu.

"Mene ne? Gaya mini gaskiya!" Doreen ta riƙe mata riga.

"Asibiti za mu kai shi. Kowa ya hau jirgi! Ku bar kofunan nan, ku hau!"

Ta riga kowa hawa, ta fizgi oba-oba. Wannan karon mahaifinta bai hana ta ba.

"Tavares, Tavares, kana ji na? Verneta ce, 'yar Cleo."

Aka yi ƙara, sai murya ta fito, da kiɗa a bayanta.

"A'a, nas da kanta! Yaushe a gari? Tsohon ya sa ki wankin jirgi ko?"

"Ba wasa na kira ba. Ina tsibirin ƙadangaru da mutum, ruwa ya shiga huhunsa. Kana ina?"

Kiɗan ya mutu.

"Kash. Ina can sama a tsibirin aladun da baƙi ke kallo, da mutane cike. Ko yanzu na taso, sai na ci awa biyu. Sauran ma duk muna nan tare."

"Ba shi da awa biyu."

"To me kike nema da ni? Ku bi ta Maƙogwaro mana, kafin ki gama addu'a kun isa. Ruwa na janyewa, amma ai kina tare da mai wurin. Duk ƙasar nan wa ya san Maƙogwaro kamar Cleo?" Ya ɗan tsaya. "Ko jirgin ne ya samu matsala?"

Maƙogwaro gajeriyar hanyar gida ce, mashiga tsakanin tsibirai biyu, siririya, mai lanƙwasa, dutse a dama dutse a hagu, yashin cikinta kuma kowace guguwa sai ta sake masa wurin kwana. Ba a bin ta da ƙwaƙwalwa, ba a bin ta da na'ura. Da ido ake bin ta.

Verneta ta kalli mahaifinta. Yana tsaye ƙiƙam, ba tabarau, fuskarsa na fuskantar muryarta. Jira yake ta faɗa.

In ta faɗa, me zai canza? Tavares ba zai yi fiffike ba. Baƙi za su ji, su firgice, wani ya ce shi ba zai hau ba, a tsaya gardama, Gordon na mutuwa a kan yashi.

Ta danna maɓallin.

"Jirgi lafiya lau. Ka kira mana motar asibiti ta jira a matsaya."

"An gama. Cleo, a buɗe mata wuta, tsoho!"

Ta mayar da oba-oba. Bakinta ya yi ɗaci. Ashe haka Baffa Ednol ya ji ranar da yake ba ta labarin kaji.

Aka hau da Gordon, aka zaunar da shi a miƙe, saurayin nan ya tallafe shi ta baya. Ta sa kowa ya ɗaura rigar hana nutsewa, ta duba ta mai cikin da kanta ta ƙara ja mata igiya. Ta tura jirgin ya bar yashi, ta haye, ta leƙa baya ta tabbata ba kowa, ta sake leƙawa.

Sannan ta mayar wa mahaifinta tabaraunsa, ta zagaya ta tsaya a bayansa.

A kafaɗun rigarsa akwai wuri biyu da suka koɗe suka fi sauran haske, daidai faɗin tafin hannu. Sau nawa ta ga rigunan nan a kan igiyar shanya ba ta taɓa tambaya ba? Ta ɗora hannuwanta a wurin.

"Ban iya karatun ruwa ba," ta ce masa a kunne. "Ba ka koya mini ba."

"Na sani."

"Ka ce ba na mace ba ne."

"Na san abin da na ce. Saurara." Ya tayar da injinan. "Shuɗi mai duhu, hanya ce. Kore, da sauran wuri. Fari kamar madara, yashi ne, zai riƙe mu. Ƙasa-ƙasa ko baƙi, dutse ne, zai farke mu. Ki bi shuɗi, ki guji baƙi. Maimaita."

Ta maimaita.

"Abu na biyu. A Maƙogwaro ba a ja mini kwala. Da gudu jirgi ke tashi sama ya wuce kan tudu. Na rage wuta, gindinsa ya zauna, mun kafe sai ruwa ya dawo da yamma. Kin gane?"

"Ba tsayawa."

"Ba tsayawa. Rana na ina?"

"Sama, ta bayanmu."

"Madalla. Muddin tana nan, za ki ga har ƙasa. Gajimare fa?"

Ta ɗaga kai.

"Akwai guda, can gefe."

"Roƙi Ubangiji ya zauna inda yake."

Ta dake shi a baya.

Jirgin ya ɗaga hanci ya zabura. Iska ta kwashe hular wani, ba wanda ya waiwaya. Tsibiran nan biyu suka taso musu, tsakaninsu wata 'yar kafa da in ka gan ta za ka rantse kwale-kwale ma ba zai wuce ba.

"Me kike gani?"

"Shuɗi! Yana lanƙwasawa dama!"

"Da hannu za ki gaya mini, ba da baki ba!"

Ta matsa kafaɗar dama. Jirgin ya kwanta dama, sumul, kamar tunaninta yake bi. Wani baƙin abu mai faɗin ɗaki ya wuce ta hagunsu a ƙarƙashin ruwa, har ta ga ƙananan kifaye na watsewa a kansa.

Hagu. Ya bi.

Dama kaɗan. Ya bi kaɗan.

Ruwan ya buɗe mata kamar an kunna fitila. Ga hanyar nan kwance, shuɗiya, tana murɗawa tsakanin fari da baƙi. Yaya aka yi duk shekarun nan tana kallonsa ba ta gani ba?

"Kore a gaba, fari ta dama!"

"Tudun ke nan. Riƙe ni sosai."

Suka wuce ta kansa, ta ji yashi ya ɗan shafi cikin jirgin ya sake shi.

"Lavardo sai da ya shekara kafin ya ga wannan lanƙwasar," kyaftin ya ce cikin iska. "Ke ya kamata in ɗora a gaba, Neta. Tun farko ke ce."

Ta danne kukan da ya taso mata, don idon nan ba nata ba ne ita kaɗai yanzu.

"Nas!" Doreen ta ƙwala daga baya. "Kansa na faɗuwa! Ba ya amsa ni!"

"Ku ɗaga shi! Ku riƙe haɓarsa sama!"

"Ki zo ki duba shi mana! Me kike yi a nan kina tausa wa babanki kafaɗa?"

"Kada ki waiwaya," in ji kyaftin ta cikin haƙora. "Saura wuyan. Dutse biyu ne, ƙofa ɗaya. Da can tana hagu, Ednol ya ce guguwa ta sauya mata wuri, ban san ina ba. Ke za ki gan ta."

Ta ware ido. Can gaba ta fara hango su, baƙaƙe biyu, manya, suna tahowa da gudu. Tsakaninsu da gefensu akwai launi, tana ƙoƙarin raba shuɗin da koren.

Sai ta ji sanyi a bayan wuyanta.

Inuwa ta bi ta kan jirgin, ta wuce gaba, ta shimfiɗa a kan ruwa. Gajimaren bai zauna inda yake ba.

Shuɗin ya ɗauke. Koren ya ɗauke. Farin da baƙin duk suka narke, teku ta koma toka daga nan har ƙarshen gani, kamar kwanon rufi.

"Neta, launi?"

Ta ƙara ware ido a kan ruwan.

"Neta!"

"Babu, Baba."

"Kamar yaya babu?"

"Rana ta shige. Duk ya zama ɗaya. Ba na ganin komai!"

Injinan na kururuwa. Doreen na kiran sunan mijinta. Hannun kyaftin na kan sandar wuta, bai ja ta baya ba, kuma ba zai ja ba.

Ta ji kafaɗunsa biyu sun taso sun cika tafin hannuwanta, suna jira.

"Wacce, 'yata?" ya ce a hankali. "Dama ko hagu?"